Tambaya da Amsa: Wai akwai mai iya wanke min suna a banki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina sai da takalma a Tsohuwar Kasuwa nan Sakkwato. Bara na ci bashin naira dubu 40 a wani app na waya, kasuwa ta yi sanyi na makara wajen biya amma daga baya na biya duka har da tarar da suka ɗora min. To yanzu na je banki neman rance in ƙaro kaya kafin Sallah sai suka ce sunana ya fito cikin masu taurin bashi. Sai ga wani a WhatsApp ya ce kamfaninsu na wanke suna, in turo dubu 25 da lambar BVN, cikin kwana 3 komai ya goge. Mi kake gani, in biya?
Mai karatu daga Mabera

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka tura mishi ko sisi, kuma don Allah kar ka ba shi BVN ɗin nan.

Sunanka ba a littafin bankin da ka je yake ba. Akwai kamfanoni 3 da Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya ba lasisin ajiye tarihin bashin mutane: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Bankuna da masu ba da rance su ke tura musu bayani, wane ya ci, wane ya biya, wane ya makara, kuma in za a gyara sai an koma ga wanda ya tura ya tabbatar. Mutumin WhatsApp ba shi cikin wannan layi ko kaɗan, ba shi da ƙofar shiga balle ya goge wani abu. Abin da ya fi faruwa shi ne ya karɓi kuɗinka, ya turo maka hoton wata takarda mai tambari da ya haɗa a wayarsa, sannan ya toshe lambarka. Abin da ya fi tada min hankali ma shi ne BVN ɗin, don da zarar ya samu sai ya kira ya ce "Alhaji karanto min lambobin da suka shigo wayarka yanzu in ƙarasa aikin", to waɗannan lambobi su ne mabuɗin asusunka, da su ake kwashe kuɗi ko a ci sabon bashi da sunanka kana can kana jiran a wanke tsohon. Ko a Amurka inda kamfanonin wanke suna suke aiki a fili, wata doka ta 1996 ta hana su karɓar kuɗi kafin su gama aikin da suka yi alkawari.

Kai kuwa da ka riga ka biya, gyaran hakkinka ne kuma da kanka za ka yi. Dokar bayanan bashi ta 2017 ta ba ka damar neman rahoton tarihin bashinka kyauta sau ɗaya a shekara, ka nema a duka kamfanoni ukun nan don wani lokaci ɗaya ya nuna ka biya ɗayan bai nuna ba. Ka tattara shaidar biya, alat ɗin da ya shigo da takardar bayanan asusunka, ka rubuta wa masu app ɗin su ba ka takardar shaidar cewa ba sa bin ka komai kuma su sabunta bayaninka. A rubuce fa, ba kiran waya ba, ka ajiye kwafi. Sannan ka kai ƙorafi wurin kamfanin da ya nuna kuskuren ka haɗa da shaidar.

In masu app ɗin sun yi maka kunnen ƙashi akwai hukumar FCCPC mai kare hakkin masu saye, ita ke sa ido kan waɗannan app na bashi. In kuwa banki ne ko maikurofainans, ka fara kai kuka wurinsu, in mako 2 ya wuce shiru sai sashen kare masu hulɗa da banki na CBN.

Abu ɗaya da zan gaya maka tsakani da Allah: makarar da ka yi gaskiya ce, za ta iya ci gaba da fitowa na wani lokaci, abin da za a gyara shi ne a nuna ka biya. Da takardar nan a hannu ka koma bankin ka nemi ganin jami'in da ke kula da rance.