Amsar Kawu kan ɗora baƙi a dawakin gida

Ɗana, saƙonka ya iso, ƙanwarka ta karanta mini har sau biyu. Ka ce kana so ka riƙa ɗora masu yawon buɗe ido a dawakin gandunmu, ka zaga da su tsaunukan Mambila su biya ka, kana tambaya ko abin kunya ne ɗan gida ya ja wa baƙo ragama don kuɗi. Na yi murmushi, amma daren nan barci bai zo mini da wuri ba.

Mu da muka tashi, doki ƙafa ne a kan dutsen nan. Mota da ƙyar take hawowa daga Serti ta Mayo Selbe, da damina kuwa sai a kwana a hanya. Daga Nguroje in za ka rugage, ko ka taka ko ka hau. Ƙasar ma ta karɓi dabba, ga sanyi, ga tudu wajen mita 1,600, babu ƙudan tsando irin na kwari. Abin da ya hawo da Fulani da shanunsu ke nan, kakanka ya biyo su da fatauci.

Ina ɗan shekara goma sha huɗu, ana ce da nan Lardin Sardauna, ba a yi Gongola ta 1976 ba balle Taraba ta 1991, wani malamin dabbobi ya sauka gidanmu zai je yi wa shanu allura. Baba ya ɗaura wa tsohuwar goɗiyarsa sirdi da hannunsa, ya gyara likkafa daidai ƙafar mutumin, ya ce in raka shi. Da zan fita ya kama kunnena ya ce, "Baƙonka annabinka. In ya faɗi, kai ka faɗi."

Mun yi nisa bayan azahar sai hazo ya sauko. Ka san irinsa, wanda kana riƙe da ragama ba ka ganin wutsiyar doki. Ciyawa ta jiƙe, jar ƙasar nan ta zama sabulu. Goɗiya ta tsaya cik. Malamin ya tsorata, yana ta jan linzami yana zungurinta da dunduniya, ni ma da wautar ƙuruciya na ɗaga tsumagiya. Ta ƙi. Sai na tuna Baba yakan ce in hanya ta ɓace maka, sakar wa dabba kanta. Na roƙe shi ya saki linzami ya kama gaban sirdi. Ta juya hagu da kanta, tana sansanar ƙasa, taku ɗaya ɗaya, ni ina biye da hannuna a wuyanta ina jin ɗuminta. Har yau ina jin ƙarar ruwa can ƙasa da mu. Da muka dawo washegari da rana, na ga inda kofatonta ya tsaya. Bakin kwazazzabo ne, bai fi taku uku ba.

Na zaci Baba zai yaba mini. Hannu ya zura ƙarƙashin majayi, ya ji ya saki, ya tambaye ni sau nawa na tsaya na ƙara ɗaure shi a gangare. Ban tsaya ba ko sau ɗaya. Kwana biyu bai yi mini magana ba. Malamin ya miƙo kuɗi, Baba ya ce a sayi kanwa da dusa a ba wadda ta yi aikin.

Yanzu fa? Babur ya cinye hanyoyin dawaki. Yaranku ba sa hawa sai ranar angwanci, a yi ta sukuwa a kan kwalta ana ɗauka da waya, a dawo da dabba jiƙe da gumi a ɗaure ta a turke ba wanda ya goge ta. Mu ma da laifinmu, mun tura ku makaranta ba mu zaunar da ku a barga ba. Wannan yana damuna.

Baƙin da kake magana, yawancinsu ba su taɓa sa ƙafa a likkafa ba. Ingarman nan akawal kada ka kuskura ka ɗora masa kowa. Wace dabba ce cikin namu ta san hanya in hazo ya rufe? Kai kanka ka sani?

Ka zo bayan Sallah, ka ɗaura sirdi a gabana, mu hau tare har bakin kwazazzabon nan. Maganar kuɗin ma yi ta a hanyar dawowa. Ka gai da mahaifiyarka.