Mawaƙin opera kuma malamin jami'a: yaya ake haɗa biyun?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mawaƙin opera (wasan kwaikwayon da ake rerawa da waƙa) da ya koma koyar da murya a jami'a ya gaza ne a dandamali. A'a, sam. George Shirley ya fara waƙa a gidan wasan Metropolitan Opera da ke New York a 1961, shi ne baƙar fata na farko mai muryar tenor (muryar namiji mai tashi sama) da ya fito a matsayin babban ɗan wasa a can, daga baya kuma ya zama farfesa a Jami'ar Michigan. Wa zai ce wannan ya gaza?

Abin da ke jan mawaƙan opera zuwa jami'a shi ne albashi mai tabbas. Aikin opera kwantiragi ne, yau kana Milan ta Italiya, wata mai zuwa ba ka san inda za ka kwana ba, kuma mura ɗaya tana iya cinye kuɗin wasa.

Amma koyarwar ba hutu ba ce. Darasin ɗalibi ɗaya ne da malami ɗaya, kusa da fiyano, yawanci awa guda a mako. Malamin zai sa ɗalibi ya dafa haƙarƙarinsa ya ji yadda numfashi ke buɗe su, a maimaita wasali ɗaya har sai ya zauna daidai. Ga Italiyanci da Jamusanci da Faransanci, harsunan da aka fi rera opera da su, dole a iya furta su. Kuma a dandamali ba makirufo, muryar ce kaɗai za ta keta ƙarar makaɗa ta kai kujerar ƙarshe.

Wahalar a ganina ita ce maƙogwaro. Ka wuni kana magana da nuna misali, da daddare ka hau dandamali? Shi ya sa da yawa suke tura wasanninsu lokacin hutun zango.