Ban Taɓa Shan Giya Ba, Me Ya Kawo Kitse a Hantata?

Tambaya: Likita, an yi mini hoton ciki, aka ce kitse ya taru a hantata, alhali ban taɓa shan giya ba. Ina da ciwon suga da ƙiba. Daga ina wannan ya fito, kuma yana warkewa?

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, domin ba giya kaɗai ke kawo wannan lalura ba. Ana cewa hanta ta yi kitse idan kitsen ya kai kashi 5 cikin 100 nata, kuma babban dalili shi ne jiki ya daina amsa sinadarin insulin, mai daidaita sukarin jini, yadda ya kamata, abin da ciwon suga da teɓa ke tafiya da shi, sai hanta ta riƙa mayar da rarar sukari kitse tana ajiyewa.

Bincike ya nuna cutar ba ta kai yawan sauran nahiyoyi ba a Afirka, amma tana ƙaruwa yayin da zaman birni, lemon kwalba da ƙarancin motsa jiki ke yawaita. Abin da ya fi damuna shi ne ba ta cika nuna alama ba, har sai hanta ta kumbura ko ta yi tabo.

A matakin farko tana warkewa. Rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyinki yana rage kitsen da kumburin sosai. Ki riƙa tafiya da sauri ta minti 150 a mako, ki kula da suganki, ki guji jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba. Ki kuma nemi gwajin ciwon hanta nau'in B, wanda ya yaɗu a Afirka kudu da Sahara, domin idan ya haɗu da kitse, dole likita ya ƙara sa ido a kan hantarki.