Kodi na tsattsayawa, wani lokacin sauti kawai ba hoto: laifin direba ne ko na inji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramar kwamfutar tebur da na saya ta hannu, Core i5 zuriya ta 4, mai Windows 10. Na jona ta da talabijin ɗin falo ta wayar HDMI, na saka manhajar kunna finafinai ta Kodi 21 don iyali su riƙa kallo. Talabijin ɗin 1080p ce. Wasu finafinan suna tafiya lafiya, wasu kuma, musamman waɗanda aka rubuta 2160p da x265 a sunansu, sai hoto ya riƙa tsattsayawa, sauti ya wuce shi, fanka na ta gurnani. Tun da aka sake mini Windows kuma wani lokacin allo kore shar ko baƙi ƙirin nake gani, sauti na fita. Ko waɗanda ke tafiya lafiyar, idan kyamara ta juya a hankali hoton na ɗan karkarwa. Mai gyara ya ce in ƙara RAM, na ƙara daga 4 zuwa 8, babu abin da ya canza. Yanzu wani ya ce direba ne. Ina mafita? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka lissafa cuta uku ce daban-daban da suka haɗu a inji ɗaya, kuma ɗaya ce kawai daga cikinsu ta direba, wato manhajar da ke haɗa Windows da sashen hoto na kwamfuta. Shi ya sa ƙarin RAM bai yi maka komai ba, shi ya sa kuma nake so kada ka sake kashe ko sisi sai ka yi gwajin da zan faɗa maka yanzu.

Kunna fim ɗin da ke tafiya lafiya, yana cikin tafiya ka danna harafin O a kibod. Kodi zai buɗe wani allo mai bayanin abin da ke gudana. Duba layin da ke nuna mai warware bidiyo: a ƙarshensa za ka ga ko dai HW ko SW. Sannan ka kunna mai tsattsayawar ka sake danna O. Ina kyautata zaton na farko zai nuna HW, na biyu SW, kuma a na biyun za ka ga aikin furosesa ya haura kusan kashi 100.

Ga ma'anar haruffan. Bidiyo a dunƙule yake a cikin fayil, an matse shi don ya ragu, kuma dole wani ya warware shi hoto bayan hoto kafin ya fito a allo. A cikin sashen hoto na kwamfuta akwai wani ɗan yanki da aka ƙera don wannan aikin kaɗai, yana yinsa cikin sauƙi ba zafi ba hayaniya. Wannan shi ne HW. Amma yankin nan ba ya iya warware komai sai irin matsin da aka san shi lokacin da aka ƙera shi. Idan ya ci karo da wanda bai sani ba, sai a jibga wa furosesa kayan ya ɗauka da ƙarfin tsiya. Wannan shi ne SW.

Furosesarka ta 2013 ce. Matsin da duniya ke amfani da shi a lokacin shi ne H.264, wanda ake rubuta x264 a sunan fayil, kuma injinka gwani ne a kansa. Shi kuwa HEVC, wato H.265 ko x265, a wannan shekarar ta 2013 aka kammala tsara shi. Intel bai saka cikakken mai warware shi ba sai a zuriya ta 6 a 2015, shi ma na 8-bit ne kawai. Na 10-bit, mai ɗauke da launuka fiye da na 8-bit, wanda kusan duk finafinan 4K (wato 2160p) ke zuwa da shi, sai a zuriya ta 7.  To ka duba nauyin da kake ɗora wa injin: hoton 4K ɗaya ɗigo miliyan 8 ne da kusan dubu 300, ninki huɗu na 1080p, kuma ana son guda 24 a kowace daƙiƙa. Furosesa na gaza kammala wani hoton a kan lokaci, Kodi ya tsallake shi, sauti kuma da ba shi da nauyi ya yi gaba abinsa.

A nan nake son ka fahimce ni sosai, don nan ne mutane ke asarar kuɗi da lokaci. Direba tafinta ne tsakanin Windows da sashen hoto. Yana iya gyara kuskuren fassara, amma ba ya iya ƙera wa ƙarfe yankin da ba a gina masa ba. Ko direba ɗari ka sauke, zuriya ta 4 ba za ta warware HEVC 10-bit da kanta ba.

Abin da ya fi damuna a lamarinka shi ne wahalar ta banza ce, tunda talabijin ɗinka 1080p ce. Injin na shan azabar warware ɗigo miliyan 8, sannan a rage su zuwa miliyan 2 kafin su isa idonka. Ƙari a kan haka, yawancin fayilolin 4K na HDR ne, wato tsarin ƙara wa hoto haske da launi, a talabijin da ba ta san HDR ba launinsu kan fito a koɗe kamar tufar da ta sha rana. Mafita mafi araha ita ce ka riƙa ajiye na 1080p mai H.264. Waɗanda kake da su kuma ba ka son rabuwa da su, akwai manhajar HandBrake, kyauta ce, tana juya su zuwa H.264, sai dai a injinka fim ɗaya na iya cin sa'o'i da yawa, don haka ka tabbata wuta za ta zauna.

Idan kuma ka fi son a gyara injin, ya danganta da jikinsa. In irin mai ɗan faɗi ce da ke da ramin saka katin hoto, katin Nvidia GT 1030 na 2017 yana warware HEVC 10-bit, wutar da yake ci wajen wat 30 ce, ba ya buƙatar wata waya ta daban. Ka kula kada a miƙo maka GT 710 ko GT 730 a ce duk ɗaya ne. Sun fi yawa a kasuwa kuma sun fi araha, amma ba su san HEVC ba, za ka koma gida da matsalarka yadda take. In kuma irin 'yar mitsitsiyar nan ce da ba ta da rami, sai dai canji: ka nemi zuriya ta 7 zuwa sama, ko 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 wadda ke warware HEVC har 4K.

Yanzu ga allo kore ko baƙi da sauti na fita. Wannan kam aikin direba ne, kuma ka riga ka ba da alamar da kanka da ka ce tun da aka sake Windows ya fara. Hanyar tabbatarwa gajeriya ce. Shiga saitin Kodi, ka ɗaga matakin saitin da ke ƙasa ta hagu zuwa Expert, don duk zaɓuɓɓukan su bayyana. Shiga Player, sannan Videos, ka kashe wanda ya ce "Allow hardware acceleration - DXVA2". DXVA2 ita ce ƙofar da Kodi ke bi a Windows ya miƙa wa sashen hoto aiki. Idan ka rufe ta hoto ya dawo, to fayil ɗin lafiya yake, Kodi lafiya yake, tafintan ne ke ɓata magana. Kada ka bar ta a rufe ka ce an gyara, domin ka mayar da komai kan furosesa ke nan.

Buɗe Device Manager ka duba ƙarƙashin Display adapters. Idan "Microsoft Basic Display Adapter" ka gani, babu direban hoto na gaskiya a injin kwata-kwata, na wucin gadi ne da Windows ke sakawa don allo ya kunnu kawai. Ya kamata ka ga Intel HD Graphics da lamba, galibi 4400 ko 4600. Ko da sunan ya fito daidai, direban na iya zama gurɓatacce, musamman in mai gyaran ya yi amfani da tarin direbobin nan da ake yawo da su a filashi ana saka wa kowane inji.

Ga yadda nake yi. Da farko na sauke direban da ya dace na ajiye: na kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ta lambar samfurinta, in babu sai na Intel. Na zuriya ta 4 a Windows 10 jerin 15.40 ne; sababbin da ke saman shafin Intel na injinan baya-bayan nan ne, za su ƙi shiga, kuma wannan ba matsala ba ce. Sai na cire intanet, don kada Windows ta riga ni ta cusa nata. Sai na tayar da injin a Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da abubuwan dole kawai, na goge tsohon da manhajar DDU, wadda ke share har ragowar da gogewar yau da kullum ke bari. Na sake tayarwa, na saka sabon, na sake tayarwa, sannan na mayar da DXVA2. Manhajojin da ke alƙawarin sabunta maka direbobi duka da dannawa ɗaya, ka nisance su. Sau da yawa su ne ke jawo irin wannan koren allon tun farko.

Idan bayan wannan koren bai tafi ba, a wurin nan na Videos akwai "Render method". Sauya shi daga Auto zuwa Pixel shaders ka gwada. Sannan ka lura ko fayil ɗaya ne tak ke fitowa da launin kore da shunayya alhali hoton na motsi daidai: wannan yawanci wani nau'in Dolby Vision ne da injinka ba ya fassara launinsa, ba ruwan direba.

Ta ukun, karkarwar hoto idan kyamara ta juya, lissafi ne kawai. Finafinai galibi hoto 24 ne a daƙiƙa, ko 23.976 in za a ƙididdige. Windows kuma kan bar talabijin a kan 60, wato tana sabunta allo sau 60 a daƙiƙa. 24 ba ta shiga 60 daidai, sai a nuna hoto ɗaya sau 3, na bayansa sau 2, haka har ƙarshe. Ido ba ya kama wannan a fuskar mai magana, amma da kyamara ta bi mota ko ta share fili sai ka ga tafiyar na ɗingishi. Shirye-shiryen da aka ɗauko daga tashoshin Najeriya da Nijar 25 ne a daƙiƙa, su 50 suke so, 60 ba ta yi musu ba su ma.

Kodi na da magani a ciki. A Player, Videos, mayar da "Adjust display refresh rate" zuwa "On start / stop". Sannan ka je System, Display, Whitelist, ka zaɓi 1920x1080 a kan 23.98 da 24 da 50 da 59.94 da 60, duk waɗanda talabijin ta nuna tana karɓa. Daga nan duk fim ɗin da ka kunna, Kodi zai umarci talabijin ta koma lambar da ta dace da shi. Allo zai ɗauke na daƙiƙa ɗaya ko biyu a farko da ƙarshe, wannan daidai ne. Amma sai ka gyara direba tukuna, don na wucin gadin Microsoft ba ya ba da waɗannan zaɓuɓɓukan. Wanda ke kusa da "Adjust display refresh rate" a Videos, wato "Sync playback to display", bar shi a kashe, musamman in kana tura sauti zuwa amfilifaya, domin yana hana sautin wucewa yadda yake.

Abu ɗaya da ban so ka manta, ganin inda kake zaune da kuma gurnanin fankar da ka ambata: ƙura. Idan fim na farawa lafiya sai bayan minti 10 ko 15 ya soma tsattsayawa, zafi ne. Furosesar Intel na rage gudunta da kanta idan ta doshi digiri 100 don kada ta ƙone. Injin da ya shekara goma, ya sha hunturu bayan hunturu, an kuma cusa shi a cikin durowar talabijin ba iska, dole ya yi haka. A buɗe shi a hure, a sa sabon man sanyaya furosesa, a fito da shi sarari. Haka kuma in daga tsohon filashi ko raunannen wayales kake kunna fim, kwafe shi cikin injin ka gwada kafin ka zargi wani abu.

Tunda injin na kallo ne kawai, akwai shawarar da zan ƙara. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, zuriya ta 4 kuma ba ta cikin jerin da Windows 11 ta amince da su. LibreELEC ƙaramin Linux ne, wato madadin Windows, da ba ya ɗauke da komai sai Kodi, direbobin Intel na cikinsa tun daga tushe, kuma kana iya tayar da shi daga filashi ka gwada ba tare da ka taɓa Windows ɗinka ba. Yana raba mutum da rikicin direba, yana kuma sauya lambar sabunta allo da kyau. HEVC 10-bit dai ko a can SW za ka gani.

In ka bi duk wannan wani abu ya saura, shiga System, Logging, ka kunna "Enable debug logging", ka rufe Kodi ka sake buɗewa, ka kunna fim ɗin mai matsala na minti ɗaya, ka fita. Rubuta %APPDATA%\Kodi a layin adireshin File Explorer, inda ake buɗe fayiloli a Windows, za ka ga kodi.log. Turo mini shi tare da hoton allon da harafin O ya nuna. A layukan farko yake rubuta sunan sashen hotonka da lambar direban da ke kai, daga nan zan fara dubawa.