Ga mai tambaya kan leza ta CO2 saura sati shida biki

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki tun daren jiya: bikinki saura sati shida, ƙuraje sun bar miki ramuka a kumatu, an ce miki leza ta CO2, wato na'urar haske da likitocin fata ke aiki da ita, tana share su, kina neman wadda ta taɓa yi. Ni na yi har sau biyu a Yawunde, shekara uku ke nan. Allah ya sanya alheri a auren, amma don Allah ki ajiye maganar nan sai an sha biki an watse.

Aikin na'urar ƙuna ne, ƙunar da likita ke aunawa. Haskenta mai zangon nanomita 10,600 ruwan cikin fata ne ke shanye shi, sai ya tafasa nan take, saman fatar ya ƙone. Irin wadda aka yi mini ba ta ɗaye fuska gaba ɗaya, huda take yi ƙanana ƙanana kamar idon rariya, ta bar lafiyayyar fata a tsakani don a warke da wuri. Daga nan jiki ke saƙa sabon kolajen, wato zaren da ke riƙe fata, wanda zai ciko ramin, kuma saƙar tana cin wata uku zuwa shida. Kin ga tun a lissafi sati shida bai kai ko'ina ba.

Ranar farko an shafa mini man kashe zafi na kusan awa guda. Duk da haka na ji shi, kuma ɗakin ya ɗauki ƙauri irin na babbakar kan rago ranar layya. Washegari fuska ta kumbura, idona da ƙyar yake buɗuwa. Haka na shiga jirgin ƙasa zuwa Ngaundare lulluɓe da mayafi. A kwana na uku wani ɓawo ya fito, in kin shafa sai ki ji kamar tsakin gero, ya yi sati yana zuba. Ko alwala sai da na tambayi likita da malam yadda zan yi. Da ɓawon ya gama zuba na duba madubi na yi hamdala, fata sumul.

Sati na huɗu ne abin ya juya. Na dawo Garwa cikin watan Maris, kin san ranarmu, zafi ya haura digiri 40. Ina hawa babur zuwa kasuwa, ina tsayawa kan murhu, man kare rana kuwa sai ranar da na tuna. Kumatuna biyu suka yi baƙi ƙirin, har zanen hudar na'urar ana gani. Mu masu baƙar fata haka jikinmu yake: duk inda ya ji ciwo sai ya tara launi a wurin, shi ya sa ko cizon sauro ke bar mana tabo. Likitan ya faɗa mini, ni ce na ɗauki maganar da wasa. Wata biyar ina fama kafin ya washe, na daina zuwa suna da biki, na sha kuka a ɗaki. Ki lissafa da kanki, sati na huɗu zuwa na shida daidai ranar ɗaurin aurenki ke nan.

Karo na biyu an rage ƙarfin na'urar, an fara gwadawa a ƙasan muƙamuƙi aka jira wata guda, na kuma zauna gida ina shafa man kare rana mai lamba 50. Ramukan sun ragu sosai, hoda tana kwanciya yanzu, amma ba su ɓace ba. Duk wanda ya ce miki za su tafi ƙaf a zama ɗaya, kuɗinki yake so.

In lokacin ya yi, likitan fata za ki nema, ba shagon gyaran jiki ba, ki tambaye shi fuska nawa irin tamu ya yi wa aikin. Kada ki ɓoye masa komai. In kina shafe-shafen bilicin ki faɗa, domin mayukan nan suna sirantar da fata ta kasa warkewa da kyau. In hudar kunne ta taɓa yi miki tsiro, wato keloyid, wataƙila ma ya hana ki. In kin sha maganin ƙuraje isotretinoin cikin watannin nan, ko kina yawan fitar da ƙurajen zazzaɓi a leɓe, ki ambata. Na biyun akwai maganin rigakafi da ake farawa kafin aikin.

Sannan ga gyaran amarya. Dilka, halawa, kurkum da turaren wuta duk ba sa haɗuwa da fatar da leza ta taɓa, kuma na san gwaggonninki ba za su bar ki ki tsallake su ba. Ki yi dilkarki lafiya, mai kwalliya ta iya rufe rami ranar walima. Ki faɗa mini wane mai kike shafawa yanzu, da ko ƙurajen suna fitowa har yau, don in suna fitowa su za a fara kashewa tukuna.