KU TAMBAYA A BA KU AMSA: Magajin gari a Ingila, mulki ne ko ado?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Don Allah ka raba mana wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisarmu ta wajen mai shayi. Akan matar nan 'yar jihar Kaduna, Abigail Katung, da aka ce ta zama magajiyar garin Leeds a Ingila, wani abokina ya kafe wai kamar ciyaman ɗin ƙaramar hukuma take, kai har ta fi, kuɗin garin duk a hannunta suke, ni kuma nace to in haka ne ya akai shekara ɗaya tal muka ji wani ya hau, tsige ta akai ko me? Daga mai karatunku a Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka gaya wa abokinka ya biya kuɗin shayin, amma kaima kar ka yi saurin murna don ba tsige ta akai ba, wa'adin kujerar kenan, shekara ɗaya.

Abigail Marshall Katung haifaffiyar Zariya ce, matar Sanata Sunday Marshall Katung na Kaduna ta Kudu, an zaɓe ta kansila a Leeds a 2019 ƙarƙashin jam'iyyar Leba, sannan a watan Mayun 2024 ta zama Lord Mayor ta birnin, mutum na farko ɗan asalin Afirka da ya riƙe kujerar. To amma ba mutanen gari ne suka fito suka yi layi suka zaɓe ta a wannan muƙamin ba, kansiloli 'yan uwanta ne suka ɗaga ta a tsakaninsu, Leeds tana da kansiloli 99 daga mazaɓu 33. Dokar ƙananan hukumomi ta 1972 tace duk shekara kansiloli za su zaɓi shugaban majalisa daga cikinsu kuma shi ne aikin farko da za a yi a babban taron shekara, wanda yawanci a Mayu ake yinsa. In gundumar ta karkara ce ana ce masa ciyaman kawai, in tana da matsayin gari mai takardar sarauta sai a kira shi magajin gari, wasu manyan birane kuma fadar sarki ta ƙara musu kalmar Lord, Leeds ta samu nata a 1897. Aikin dai ɗaya ne.

Inda abokinka ya ruɗe shi ne ya auna abin da namu tsarin. Mu nan a ƙananan hukumomi 774 ciyaman shi ne wuƙa shi ne nama, shi ke sa hannu a fitar da kuɗi, shi ke da kansilolin gudanarwa, shi ake bi da fayil. Can sun raba abin gida biyu. Akwai jagoran majalisa, wato shugaban jam'iyyar da ta fi yawan kujeru, shi da 'yan kabinet ɗinsa su ke tsara kasafi, kwashe shara, gidajen gwamnati, kula da tsofaffi da marayu, gyaran titunan unguwa, sannan ga ma'aikata ƙarƙashin babban jami'in gudanarwa. Lokacin da Abigail ke kan kujera James Lewis ne jagoran majalisar Leeds, shi ne mai riƙe da madafun. Ita ba ta bada kwangila, ba ta ɗaukar aiki, saboda haka duk wanda ya shirya siibii zai tura mata don taimakon 'yar gida, wallahi asarar data kawai zai yi.

To me take yi kenan a shekarar da take kan kujerar? Na ɗaya ita ke jagorantar zaman majalisa in duk kansiloli sun hallara, ta ba wannan dama ya yi magana ta tsawatar wa wancan, kuma anan ne ɗan ƙarfin da kujerar ke da shi yake, don in aka kaɗa ƙuri'a akai kunnen doki shugaban zaman yana da ƙuri'a ta biyu da zai raba gardama da ita. A majalisar da jam'iyyu suka yi kankankan wannan ƙuri'ar ba wasa bace, har faɗa ake akan wa zai hau. Na biyu, a al'ada in ka hau ka ajiye hular jam'iyya na tsawon shekarar, ba ka shiga cacar baki, shi yasa wasu majalisun suke bada kujerar ga wanda ya fi daɗewa, wasu kuma karɓa karɓa suke tsakanin jam'iyyu, sau da yawa mataimakin bana shi ne mai hawa baɗi.

Na uku kuma shi ne mai cin lokaci, fita taro. Doka ta ba magajin gari gaba da kowa a cikin gundumarsa in banda sarki da wakilin sarki na lardin, don haka shi ne uban biki na gari gabaɗaya, buɗe makaranta, ziyarar asibiti, gaida tsohuwar da ta cika shekara 100, tarbar baƙi daga ƙasashen waje, buɗa baki a masallaci, addu'a a coci, yau nan gobe can har ƙarshen mako ba hutu. Ranar Lahadi ta biyu a Nuwamba shi ke ajiye furanni a madadin gari a dandalin tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, a yi shiru na minti 2 da ƙarfe 11. Tun 2004 kuma duk babban da ya samu takardar zama ɗan ƙasa sai ya halarci bikin rantsuwa a ƙaramar hukumarsa, kuma a wurare da yawa magajin gari ne ke miƙa satifiket ɗin, 'yan Najeriya da yawa dake can hotonsu na farko da magajin gari mai sarƙar muƙami a wuya anan suka ɗauke shi. Yana kuma zaɓar ƙungiyar agaji ɗaya ko biyu ya tara musu kuɗi a shekararsa. Ana bashi alawus, wasu wuraren da mota da direba, amma ba abin da zai gina gidan sama da shi bane.

A ganina raina kujerar kuskure ne. Garin da ya ɗora baƙo akan kujerar da ke wakiltarsa gaban sarki ya faɗi wani abu game da kansa. Bradford ta yi haka da Mohammed Ajeeb ɗan asalin Kashmir tun 1985, Sheffield ta yi da Magid Magid wanda ya zo daga Somaliya yana yaro ɗan gudun hijira, a 2018.

Sai dai ka kula, akwai wani nau'in magajin garin da jama'a ke zaɓa kai tsaye kuma yana da iko na gaske. Sadiq Khan na Landan tun 2016 irinsu ne, haka Tracy Brabin da aka zaɓa a 2021 ta yankin Yammacin Yorkshire wanda Leeds ɗin ma a cikinsa take. Ina zargin su abokinka ya gani a labarai ya haɗe su da ita.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ita wannan ƙatuwar sarƙar da suke ratayawa zinare ce da gaske? Kuma in mutum ya sauka da ita yake tafiya gida? Na kuma ga wani bidiyo a Facebook ana ɗora wani akan sikeli mutane na ihu. Daga wata ɗaliba a Kano.

AMSA: Lafiya lau ƙanwata. Wasu zinare ne, wasu azurfa ce aka yi mata ruwan zinare, ya danganta da arzikin garin, da yawansu tun ƙarni na 19 attajiran masana'antu suka bada su kyauta, a jiki akwai tambarin gari, wasu har da sunayen waɗanda suka riƙe kujerar a baya. Kayan gari ne, ranar da ka sauka a gaban kowa za a cire ta daga wuyanka a rataya wa sabo, kai kuma a baka ɗan baji na tsohon magajin gari. A manyan bukukuwa ana ƙarawa da jar alkyabba mai gashi a baki, sannan wani ma'aikaci yana tafe gabansa da sandar majalisa a kafaɗa, in sarki ya zo garin sai a juya sandar kai ƙasa don mai ikon da kansa ya iso. Irin sandar nan ce muka gada a majalisunmu, kin tuna wadda 'yan daba suka shiga Majalisar Dattawa suka sunkuce a Afrilun 2018.

Bidiyon kuma na garin High Wycombe ne, tsakanin Landan da Oxford. Duk shekara a Mayu suna auna nauyin magajin gari da kansiloli a bainar jama'a, a kwatanta da na bara, mai shela ya faɗa da ƙarfi ko an samu ƙari ko babu. Wanda ya yi ƙiba sai a yi masa ihu wai ya ci dukiyar talakawa, wanda ya rame ko ya tsaya yadda yake a tafa masa. Yanzu raha ce kawai ba wanda ake kora akai, sai dai an ce a da har ruɓaɓɓen tumatir ake jifan mai tumbin da shi.