Me Ya Sa Ake Barin 'Yan Hokin Ƙanƙara Su Yi Dambe a Fili?

Tambaya: Malam, na ga bidiyon wasan hoki na kan ƙanƙara, 'yan wasa biyu sun watsar da sanduna da safar hannu suna ta kirɓar juna, alƙalai na tsaye suna kallo. Wannan ba laifi ba ne?

Amsa: Laifi ne, sai dai hukuncinsa bai taka kara ya karya ba. A gasar NHL ta Amurka da Kanada, wanda ya yi faɗa minti 5 zai zauna a wani ɗan keji a gefen fili, ya dawo abinsa. Alƙalai kan jira sai ɗaya ya kai ƙasa, sannan su raba. A Olamfik kuwa, korar mutum ake yi daga wasan.

Shekaru da dama ƙungiyoyi na ajiye wani ƙato wanda ba don cin ƙwallo aka ɗauke shi ba. Aikinsa ya zane duk wanda ya taɓa tauraronsu. Wai tsoronsa ke hana mugunta. Ni dai wannan hujja ba ta shige ni ba. A Maris 2004, Todd Bertuzzi na ƙungiyar Vancouver ya bi Steve Moore, ɗan wasan abokan hamayya, ta baya da sunan ramuwa, ya kai masa naushi, ya danne shi kan ƙanƙara. Ƙasusuwa uku suka karye a wuyan Moore, kuma bai sake buga NHL ba.

Su ƙattin ma ba su tsira ba. Derek Boogaard ya rasu a 2011 yana da shekara 28, bayan ya haɗa giya da ƙwayar kashe zafi. Da likitocin Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwarsa, suka tarar da CTE, cutar da ake dangantawa da yawan bugun kai, mai tafe da mantuwa da saurin fushi.

Amma kada damben ya ɗauke maka hankali, don shi ido ya fi gani. Ɓarna mai yawa daga bangaza take zuwa: mutum na sheƙa gudu kan takalmi mai kaifin wuƙa, a haɗa kansa da bangon da ya kewaye filin. Irin wannan ce ta kwantar da tauraron NHL Sidney Crosby wata da watanni a 2011, alhali tun 2010 aka fara haramta kai hari ga kai.

Tsofaffin 'yan wasa fiye da 300 sun maka NHL a kotu kan raunukan kai. A 2018 aka sasanta kan kusan dala miliyan 19, hukumar ba ta amsa laifi ba, kuɗin hannu da aka ware wa kowannensu kuwa kimanin dala 22,000 ne.